Zubewar gashi ga mata masu lalurar SOPK: darasi don iyaye mata da rele

Gashi ado ne ga ƴa mace, amma da yake yana ƙarƙashin kallabi, matsalarsa takan daɗe a ɓoye. Mace takan shekara tana ganin mataji cike da gashi ba tare da kowa ya sani ba sai mai yi mata kitso. Wata ta ɗora laifin a kan sammu, wata kuma ta ƙarar da ɗan abin hannunta wajen sayen mayukan kasuwa. Wannan darasi ya shafi wani nau'in zubewar gashi wanda tushensa yake can cikin jiki. Gane shi da wuri yana ceton gashi, yana kuma kare mace daga ciwon sukari da jinkirin haihuwa.

1. Mece ce SOPK?

SOPK shi ne gajeren sunan da ma'aikatan lafiya suke kiran wata lalura ta gidan ƙwan mace. A bisa ƙa'ida, kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito. Ga mai wannan lalura, ƙwayaye da yawa sukan fara girma su tsaya ba su nuna ba, sai su taru a gidan ƙwai. Likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, su ne suka bayyana ta a shekarar 1935. Tana samun kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano tasu ba. Takan bi jini: idan uwa ko ƴar'uwa tana da ita, yiwuwar samunta ta fi yawa.

Likita yakan tabbatar da ita idan ya sami biyu daga cikin alamomi uku, bayan ya kawar da zargin wasu cututtuka:

- al'ada mai tsallake, wadda tazararta ta wuce kwana 35, ko wadda ba ta kai sau 8 a shekara ba;
- alamun yawan sinadarin maza, kamar gashi a haɓa da ƙirji, ƙurajen fuska masu naci, ko raguwar gashin kai;
- tarin ƙananan ƙwayaye da ake gani a hoton ekografi.

2. Yadda lalurar take rage gashi

Kowace mace tana da ɗan kaɗan na sinadarin maza, wanda ake kira androjen. A SOPK yakan yi yawa. Babban abin da ke ingiza shi kuwa shi ne insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Jikin yawancin masu lalurar ba ya jin insulin yadda ya kamata, saboda haka sai jiki ya ƙara samar da shi, shi kuma yawansa ya sa gidan ƙwai ya ƙara fitar da androjen.

Kowane silin gashi yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, ya huta kamar wata 3, sa'an nan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Don haka faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin da androjen yake yi shi ne gajarta lokacin tsawon da kuma tsuke saiwar gashin tsakiyar kai. Sabon gashi yakan fito siriri, gajere, marar ƙarfi, na bayansa kuma ya fi shi rauni. Shi wannan sinadari ne kuma yake kaurara gashin haɓa, shi ya sa abubuwan biyu sukan zo tare.

3. Ba kowace zubewa ce SOPK ba

A duba inda gashin ya ragu da lokacin da abin ya fara:

- Ta SOPK: a hankali take zuwa, cikin watanni ko shekaru. Tsagar tsakiyar kai tana faɗi, fatar kai tana bayyana, gashin gaban goshi kuwa galibi yana nan.
- Ta bayan haihuwa: takan fara wata 2 zuwa 4 bayan sauka, ta game kai duka, kuma takan warware da kanta kafin yaro ya shekara. Zazzaɓi mai tsanani ko yunwa ma sukan haifar da irinta.
- Ta ƙarancin jini: tana tare da kasala, jiri, da farin cikin ido da tafin hannu. Kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, don haka mace tana iya haɗa shi da SOPK.
- Ta jan kitso: gaban goshi da gefen kunne take ci.
- Ta makero: wuri-wuri take yi, da ƙaiƙayi da ɓawo, kuma ana ɗaukarta.

4. Abin da cimaka za ta iya

Babu wani abinci guda da ke tsirar da gashi shi kaɗai, ko zogale ne. Aikin cimaka biyu ne: rage hauhawar sukari a jini domin insulin ya sauka, da bai wa saiwar gashi abin da take ginuwa da shi.

Domin saukar da insulin, a rage sukarin da ake zubawa a fura, kunu da shayi, a kuma rage lemun kwalba, fanke da alewa. Tuwon gero ko na dawa, musamman wanda ba a cire masa dusa duka ba, ya fi farar shinkafa da taliya da burodi jinkirin komawa sukari. Idan shinkafa ce ta samu, a haɗa ta da wake da ganye.

Domin gina gashi, jiki yana bukatar abinci mai gina jiki da sinadarin ƙarfe da zinki. Ana samun su a wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, ƙwai, nono, busasshen kifi, fara, nama da hanta. A yawaita miyar ganye da kwaɗon zogale. Matsa lemun tsami ko yanka ɗanyen tumatir a kan abinci yana taimaka wa jiki ya sha ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a jinkirta shi aƙalla awa 1 bayan cin abinci.

Mai ƙiba, idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'adarta takan daidaita. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana taimakawa ko da nauyi bai sauka ba. Amma a kula: akwai siraran mata masu SOPK, kuma su ba a ce su rame ba. Mai ciki da mai shayarwa ba sa rage abinci, sai dai su gyara irinsa. Horar da kai da yunwa ƙara zubar da gashi yake yi.

5. Kula da gashin da ya rage

Kitson da ya hana barci ko ya tayar da ƙuraje a gaban goshi ya yi tsauri, a kwance shi. A zaɓi manyan kitso masu sauƙi, a guji ƙarin gashi mai nauyi, a bar kai ya huta tsakanin tsifa da sabon kitso. A taje da mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshen gashi zuwa tushe. Man miƙar da gashi da baƙin rini suna karya gashin da ya riga ya yi rauni. Man kaɗe yana tausasa gashi ya rage karyewa, sai dai ba ya taɓa sinadarin da ke cikin jini.

A nisanci ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa da mayukan sauya launin fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin kortizon, wanda ke ƙara ƙuraje da gashin fuska, yana kuma iya tayar da sukari da hawan jini.

6. Magani a wurin ma'aikatan lafiya

Matakin farko shi ne CSI, inda za a duba nauyi, hawan jini, sukari da yawan jini. Idan ana bukatar ekografi ko ganin likitan mata, za a tura mace asibitin gaba, kamar cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.

Likita yana iya rubuta ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu domin rage androjen da daidaita al'ada, amma ba su dace da mai hawan jini ba, ko mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba. Metformin yana gyara aikin insulin. Minoxidil ruwa ne da ake shafawa a fatar kai, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa shi, kuma idan aka daina gashin yakan koma raguwa. Spironolactone yana iya cutar da ɗan tayi, don haka ba a shansa sai tare da hanyar hana ɗaukar ciki. Kada a sayi ko ɗaya daga cikinsu a hannun masu talla.

Gashi santimita 1 kacal yake ƙaruwa a wata, don haka ba a yanke wa magani hukunci kafin wata 6. Saiwar da ta tsuke tana iya farfaɗowa, wadda ta daɗe da mutuwa kuwa da wuya ta dawo. Wannan shi ne amfanin zuwa da wuri.

7. Aikin rele

Ku keɓe da mace kafin ku taɓo zancen, kada ku ɗage kallabinta a gaban jama'a. Ku tambaye ta yaushe abin ya fara, yaya al'adarta take, yaushe ta haihu, kuma me take sha ko shafawa. Ku tura ta CSI idan:

- ta yi wata 3 ba al'ada kuma ba ciki, domin daɗewa haka yana iya cutar da mahaifa;
- bayan wuyanta ko hammatarta ya yi baƙi ya yi kauri, alamar yawan insulin;
- ta shekara tana neman ciki bai samu ba;
- muryarta ta yi kauri ko gashin jikinta ya ƙaru cikin ƴan watanni, wannan kam ba a jira;
- damuwa ta hana ta ci, barci ko shiga mutane.

Idan ta yarda, ku yi wa maigidanta da uwar mijinta bayani. Lalurar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba sakacin mace ne ya jawo ta ba, kuma mata da yawa masu ita suna haihuwa, wasu da taimakon maganin da ke sa ƙwai ya nuna. Wadda ta sami ciki ta sanar da ungozoma tun awon farko, domin a sa ido a kan sukarinta da hawan jininta.

Ke kuma uwa, ki riƙa lura da ranakun al'adarki, ki tafi da lissafinsu duk ranar da za ki ga ma'aikacin lafiya. Allah Ya ƙara mana lafiya.