Ratar da ido ba ya gani: darasi daga wuyan harsashi zuwa fistan

Bayan bidiyon da na yi a kan kalifar dijital ɗin da na saya a nan Dengfeng, wani ya tambaye ni: me ya sa masu sake ɗura harsashi a Amurka ba sa yarda da ita wajen awo? Ni dai ban taɓa riƙe bindiga a nan ba, don a Sin an haramta wa farar hula mallakarta. Amma tambayar ta injiniyanci ce zalla, kuma ta shafi babur ɗinka.

Wuyan kwanso shi ne bakin tagullar da ke riƙe kan harsashi. Idan an harba, dole wuyan ya ɗan buɗe ya saki kan. Ɗauki kan mai faɗin inci 0.308, kaurin tagulla 0.015. Tagullar tana gefe biyu, saboda haka lissafin 0.308 ne a tara da 0.030, ya zama 0.338. Ka lura, duk kuskuren da ka yi a awon kauri ninkuwa yake yi. In ramin bindigar bai bar wa wuyan fili ba, matsin iskar ya haura, ƙarfen na iya tarwatsewa a fuskar mai harbi.

To, mu dawo gida. Fistan ɗin inji irin na CG125, wanda baburan Sin da yawa suka kwaikwaya, yana yawo ne cikin rami mai faɗin milimita 56.5. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamar 0.02 zuwa 0.05 ba. Gashin kanka ya fi ta kauri. Fistan na alminiyam ne, bangon silinda baƙin ƙarfe, kuma alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu. In ratar ta yi kaɗan, mai acaɓa yana tsakar gudu a titin Zariya sai fistan ya cije, tayar baya ta kulle. In ta yi yawa, sai ƙara, hayaƙi, da shan baƙin mai.

Nan ne kalifata ta gaza. Allonta yana nuna 0.01, gwanin sha'awa, amma kuskurenta kan kai 0.02 ko 0.03. Wato kuskuren ya kusa cinye ratar da kake nema gaba ɗaya! Yawan lambobi a allo ba shi ne gaskiyar awo ba. Wannan aikin maikromita ne, tare da ma'aunin cikin rami.

Abu biyu da na sha ganin ana kuskurewa. Fistan ba a miƙe yake ba, da gangan ake ƙera samansa ya fi siranta saboda can wuta take. A gindi ake auna shi, a gicciye da fin. Na biyu, ƙa'idar duniya ita ce a yi awo a zafin digiri 20. Ƙarfen da ya wuni cikin ranar Afrilu a Ƙofar Ruwa, a bar shi ya huce tukuna.

In za a faɗaɗa maka silinda zuwa 0.25 ko 0.50, sayi fistan ɗin tukuna ka kai wa mai injin, ya yanke ramin daidai da wanda ke hannunsa. Lambar da ke jikin kwali kam, na auna guda uku a wani shago makon jiya, babu biyun da suka zo ɗaya.