Jaga Jaga da Samarinmu Masu Gambara

'Ya'yana masu waƙar gambarar zamani, ina jin waƙoƙinku a wayoyin jikokina, kuma ina jin zafin da ke cikin muryoyinku idan kun taɓo tsadar abinci da rashin aiki da satar mutane a kan hanya. Zafin nan na gaskiya ne, ban zo in hana ku shi ba. Na zo ne in ba ku labarin wani yayanku da ya riga ku bin wannan hanya, don ku ga abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi.

Eedris Abdulkareem a Kano aka haife shi a 1974, a nan ya tashi, ko da yake asalin gidansu Ilesha ne a Jihar Osun. Ya tafi Legas neman sa'a, ya haɗu da Tony Tetuila da Eddy Montana suka kafa ƙungiyar The Remedies a ƙarshen shekarun 1990, a ƙarƙashin kamfanin Kennis Music. Da ƙungiyar ta watse sai ya ci gaba shi kaɗai. Farkon abin da ya fitar a lokacin yana cike da habaici da zambo ga tsofaffin abokan sana'a. An yi ta surutu a kai na ɗan lokaci, yau kuwa ba kowa ke tunawa da shi ba.

Abin da ya ɗaga shi shi ne ranar da ya juyar da kai daga abokan gabarsa ya dubi jama'a. A 2002 ya fitar da Mr. Lecturer, waƙa a kan malaman jami'a masu tilasta wa ɗalibai mata lalata kafin su ba su maki. Ku lura da yadda ya gina ta. Bai tsaya kan mumbari yana wa'azi ba. Ya ari muryar malamin da kansa, wata mace ta ɗauki muryar ɗalibar, aka bar mai sauraro a tsakiyarsu yana jin yadda mai iko ke murɗa wuyan marar ƙarfi a bayan ƙofar ofis. Kowa ya san ana yin wannan abu, amma ana rufe shi da kunya. Sai da aka yi shekara 17 kafin BBC ta fitar da bincikenta na sirri a 2019 a kan wannan ta'asa a wasu jami'o'in Najeriya da Ghana. Mawaƙi ya riga su faɗa, saboda ya saurari abin da 'yan mata ke raɗa wa juna.

Sai 2004, shekarar kundin Jaga Jaga. Yawancinku ba a haife ku ba, ko kuna goye. Shekara biyar ke nan da komawa mulkin farar hula, an yi zaɓen 2003, amma talaka bai ga canjin da aka yi masa alkawari ba. NEPA na ɗauke wuta yadda ta ga dama. Ana ƙara kuɗin man fetur, ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Adams Oshiomhole na shiga yajin aiki. A watan Mayu na shekarar aka yi kashe-kashen Yelwan Shendam, wutar ta tsallako Kano, aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato. A cikin wannan yanayi Eedris ya tashi da Turancin buroka, harshen tasha da kasuwa, ya ce ƙasa ta wargaje kuma talaka ne ke shan wuya.

Akwai wani gurbi a waƙar da nake so ku koma ku saurara da kunnen basira. Ya kwatanta ɗan fashin da ke shiga gida, bai ɗauki kuɗi ba, bai taɓa matar gida ba, ya wuce kai tsaye ɗakin mai gida ya kashe shi ya fita. Duk wanda ke raye a lokacin ya san inda aka dosa. An kashe Bola Ige, ministan shari'a na ƙasa baki ɗaya, a ɗakin kwanansa a Ibadan a watan Disamba na 2001. An kashe ɗan siyasa Marshall Harry a gidansa a Abuja a watan Maris na 2003, ana dab da zaɓe. Mawaƙin bai nuna wani da yatsa ya ce shi ne ya yi kisan ba, domin ba shi da shaida. Ya zana abin da kowa ya gani, ya bar tambayar a bakin jama'a. Wannan ita ce gwanintar, kuma ita ce adalci.

Shugaba Olusegun Obasanjo ya fusata, ya soki mawaƙin a bainar jama'a, aka hana gidajen rediyo sa waƙar. Hanin bai kashe ta ba. Masu sayar da faifai a cunkoson motoci suka ci gaba da miƙa ta ta tagogi, direbobi na sa ta, ana rawa da ita a wuraren biki. Mutum ba ya buƙatar izinin hukuma kafin ya gane hoton rayuwarsa.

Amma kada in ba ku rabin labari. A ƙarshen 2004 Eedris ya yi rigima da mawaƙin Amurka 50 Cent da yaransa a cikin jirgin sama a Legas, a kan kujerun da aka keɓe wa baƙon. Ya ce mutuncin mawaƙan gida yake karewa, kuma lallai a lokacin ana fifita baƙo ana wulaƙanta ɗan gida. Sai dai hanyar da ya bi ta ba masu neman dalilin juya masa baya dalili, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin yadda aka daina gayyatarsa manyan wasanni bayan nan. Wanda ya ɗauki maganar talakawa a ka, kamar mai ɗauke da tulun ruwan gida ne: idan ya tsaya dambe a hanya, ba shi kaɗai zai kwana da ƙishi ba. Ku riƙe fushinku, ku zuba shi a inda zai yi amfani.

Kada kuma ku ɗauka wannan aiki daga Legas ko Amurka ya zo mana. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun yi wa azzalumai magana da alƙalami tun kafin 'yancin kai. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da manyan mawaƙan fada ba su ko kallo. Kuna da gado. Abin da ya haɗa su da Eedris shi ne sun san mutanen da suke yi wa waƙa, sun zauna da su, sun ci abinci da su.

A nan nake jin tsoro a kanku. Sau da yawa ina jin baiti mai zafi, amma idan na nemi mutum a cikinsa ba na samu. “Shugabanni ɓarayi ne” kowa na iya faɗa, har ɓarawon ma zai tafa muku. Ku je ku zauna da mai Keke Napep da dare yana lissafin abin da ya saura bayan ya sayi mai ya cire balas na mai keke. Ku tambayi matar da ta gudo daga ƙauye a Zamfara me ta iya ɗaukowa a hannunta ranar da suka gudu. Idan za ku ambaci sunan mutum ko adadin kuɗi, ku tabbatar kafin ku shiga situdiyo, domin ƙazafi zunubi ne ko da an yi wa azzalumi, kuma ƙarya ɗaya ta isa a yi watsi da gaskiya goma da kuka faɗa. Zagin iyayen wani kuwa ba ya rage wa kowa kuɗin mudun masara.

Eedris bai daina ba. A watan Afrilu na 2025 hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai ta hana sa waƙarsa Tell Your Papa, wadda ya aika wa Seyi, ɗan Shugaba Tinubu, saƙon halin da talaka ke ciki. Yana da shekara 50 a lokacin, kuma shekara 21 ke nan bayan hanin farko. Wole Soyinka na cikin waɗanda suka fito suka soki matakin.

Lokacin zaɓe na zuwa, kuma za a neme ku. Za a zo da mota mai duhun gilashi, a kira ku gefe, a ce waƙa ɗaya kawai ake so, ga kuɗin da ba ku taɓa riƙewa ba. Na san akwai haya, akwai magani na mahaifiya, ba zan raina wannan ba. Abin da nake roƙo shi ne kafin ku amsa, ku nemi kwana biyu, ku koma gida ku sake sauraron waƙoƙin da kuka yi a baya, ku duba ko za ku iya rera su a gaban mutumin da ya aiko.