HUKUNCIN DUKIYAR DA AKA BINNE A ƘASA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani manomi daga ƙasar Dambatta ya kawo mini tambaya. Yana haƙar rijiya a gonar da ya saya, sai ya ci karo da tukunya cike da tsofaffin sulalla da awarwaron azurfa. 'Ya'yan wanda ya sayar masa sun ce ta kakansu ce, shi kuwa ya ce gonarsa ce, wani boka kuma ya ce ta aljanu ce, sai an yi yanka kafin a taɓa. To, ta wa ce?

Binne dukiya tsohuwar al'ada ce a karkararmu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manoma, banki kuwa yana birni. Sai magidanci ya zuba abin da ya tara a tulu, ya binne a ƙarƙashin rumbu ko a gindin kuka. Wani har ya haɗa da laya, wai don ta kau da idon ɓarawo. In ajali ya zo masa ba zato, asirin ya bi shi kabari.

Da farko, mu kau da zancen boka. Laya ba ta mayar da dukiyar ɗan Adam ta zama ta aljani, daɗewa a ƙasa kuma ba ta kashe haƙƙin mai ita. Yanka domin wanin Allah shirka ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. A aya ta 82 ta Suratul Kahfi, Allah ya ba mu labarin taskar marayu biyu da ke ƙarƙashin bango. Abin da aka ambata game da mahaifinsu shi ne salihi ne, sai Allah ya tsare musu ita har suka girma.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa binnanniyar dukiya kashi biyu. Na farko shi ne rikazi, watau abin da mutanen jahiliyya suka binne. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya wajabta fitar da ɗaya bisa biyar nan take, ba a jiran shekara, ba a duban nisabi. Sauran na mai ƙasar ne, in kuwa daji ne marar mai shi, na wanda ya samu ne. Abin da ba shi da wata alama ko kaɗan, shi ma rikazi ake ɗaukarsa.

Na biyu shi ne abin da Musulmi ko ɗan amana ya binne. Wannan tsintuwa ce, ba a fitar mata da humusi. Tukunyar mai tambaya a nan ta faɗa, domin sule kuɗin zamanin Turawa ne, su kuwa sai a 1903 suka ci Kano. Ko da Bamaguje ne ya binne, hukuncin bai sāke ba, tun da yake Maguzawa sun zauna da amana ƙarƙashin sarakunan Musulunci.

Shin sayen gona yana haɗawa da abin da ke cikinta? A'a. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa cinikin ƙasa ba ya haɗawa da abin da aka binne, domin ba a kansa aka ƙulla ciniki ba. Saboda haka wajibi ne mai tambaya ya fara sanar da masu gonar na asali, a gaban dagaci ko alƙali. Idan suka kawo shaidu, ko suka siffanta mazubin da abin da ke ciki daidai, tasu ce. Idan ba a gane mai ita ba, sai a yi cigiya shekara guda a kasuwa da ƙofar masallaci. Bayan nan yana da zaɓi: ya ajiye, ko ya yi sadaka, ko ya ci, amma zai biya duk ranar da mai ita ya bayyana.

Idan ta tabbata ta mamaci ce, ta zama gado. Sai a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa cikin sulusi, sa'an nan a raba wa waɗanda suke da rai ranar da ya rasu, ba ranar da aka tono ba. Misali, ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza biyu da 'ya mace, tukunyar kuma sule 40 ne. Matar tana da tumuni, watau 5. Kowane namiji 14. 'Yar kuwa 7. Wanda ya rasu a tsakani, kasonsa ya gangara ga nasa magadan. Ba ya halatta babban wa ya ce gandu a hannunsa yake, ya danne rabon ƙannensa mata domin sun yi aure a wani gari. Zakka kuwa, kowane magaji zai fara lissafin shekara daga ranar da ya karɓi kasonsa, in ya kai nisabi.

Daga ƙarshe, nasiha ga dattawanmu. An bar fam da sule an koma naira da kwabo a 1973, an kuma sāke launin takardun kuɗi a 1984, duk takardar da ta kwana a ƙasa ta zama abincin gara. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koya mana rubuta bashi da kafa shaidu. Ajiya ma tana bukatar irin wannan kiyayewa. Mai ajiya ya rubuta wurinta da adadinta, ya shaida wa amintattu biyu, kada guminsa ya zama sanadin gaba tsakanin zuriyarsa.

Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.