Koren Ƙwaro Mai Wari a Gonakin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Siffarsa, Mazauninsa da Matakan Rayuwarsa

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna kudancin Jihar Katsina, yankin da ya shahara da noman auduga da masara da dawa da wake da waken suya. Daga cikin ƙwarin da ke rage amfanin waɗannan gonaki akwai wani koren ƙwaro mai wari, wanda masana kimiyya ke kira Nezara viridula. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1758, kuma ana kyautata zaton asalinsa daga gabashin Afirka ne, wajen ƙasar Habasha. Wannan maƙala ta duba siffarsa da mazauninsa da matakan rayuwarsa, domin nuna cewa sanin waɗannan matakai shi ne ginshiƙin kare gona daga ɓarnarsa.

2.0 Siffa

Baligin ƙwaron kore ne shar, tsawonsa kimanin milimita 13, jikinsa kuma ya yi fasalin garkuwa. Yana da ƙafafu shida da 'yan ƙahoni biyu masu gaɓa biyar-biyar, sannan akwai ɗige-ɗige farare guda uku a jere a saman gadon bayansa. Ba shi da haƙoran tauna irin na fara. Bakinsa tamkar allura yake, da shi yake huda tsiro ya zuba miyau, ya tsotse ruwan ciki. A ƙarƙashin ƙirjinsa akwai kafofi biyu da ke fitar da wani ruwa mai ɗoyi idan an taɓa shi, wanda da shi yake korar maƙiya.

3.0 Mazauni

Ƙwaron yana cin tsirrai na dangi fiye da 30, amma ya fi son masu kwanso. Da damina, musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba lokacin da wake da waken suya ke ɗaure kwanso, auduga kuma ke yin ƙwallo, a nan yake tarewa. Idan kaka ta wuce, sai ya fake a cikin ciyayi da tarkacen gona, ko ya koma lambunan fadama inda ake noman tumatir da kuɓewa. Ta haka yake ƙetare rani har sabuwar shuka ta kawo kai.

4.0 Matakan Rayuwa

Matakan uku ne: ƙwai, ɗa, da baligi. Mace tana jera ƙwai a bayan ganye, daga 30 zuwa 130 a wuri guda, a tsare kamar saƙar zuma. Kowane ƙwai yana kama da 'yar ganga, launinsa rawaya ne da fari, sai ya koma ja-ja-ja gab da ƙyanƙyashewa, wadda kan auku cikin kwana biyar ko makamancin haka a lokacin zafi.

Ɗan da ya fito yakan yi saɓa sau biyar kafin ya balaga. A zangon farko 'ya'yan suna cunkushe a kan ɓawon ƙwai na kwana biyu zuwa uku, ba su fara cin tsiro ba. Bayan saɓar farko sukan yi baƙi da ɗige-ɗige, su soma huda kwanso, kuma suna watsuwa gwargwadon girmansu. A zangon ƙarshe ne koren launi ke rinjaye, tushen fiffike ya bayyana. Daga ƙwai zuwa balaga kimanin kwana 35 ne a yanayi mai ɗumi, don haka zuriya fiye da ɗaya kan tashi a damina guda.

Abin lura a nan shi ne, wannan ƙwaro ba ya bi ta matakin tsutsa. Bahaushe ya saba danganta ɓarnar wake da tsutsa, wadda ake ganin raminta da kashinta. Shi kuwa wannan, ɗigo kawai yake bari a kwanso, ƙwayar ciki ta yamutse ko ta ƙi cika, zaren auduga kuma ya ɓaci saboda cutar da ke shiga ta wurin hujin. Ƙari a kan haka, ɗan baƙi ne, baligin kore, har mai kallo ya ɗauka ƙwari biyu ne daban.

5.0 Kammalawa

Raunin ƙwaron yana cikin makonsa na farko, lokacin da ƙwai da 'ya'ya ke tattare a ganye ɗaya da za a iya tsinkewa a murtsuke. Idan an tarar da ƙwan ya yi baƙi ƙirin, alama ce ta cewa wani mitsitsin zanzaro mai suna Trissolcus basalis ya riga ya sa nasa ƙwan a ciki, don haka barin sa shi ne alheri. Wannan dabara tana bukatar kewaya gona akai-akai, abin da matsalar tsaro ta tsananta wa manoman yankin a 'yan shekarun nan. Saboda haka akwai bukatar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da malaman gona na Jihar Katsina su haɗa kai da masana Hausa, a tattaro sunayen da manoma ke kiran ƙwaron da su gari-gari, a kuma bayyana kamannin kowane mataki cikin harshen da manomi zai gane, domin ɗan lokacin da ya samu a gona ya san ganyen da zai juya da abin da zai nema.