Bindiga mai baki biyu ba ta karɓar kowane harsashi

Masu farautar ɓauna da ke zuwa dazuzzukan Benuwe da Faro a arewacin Kamaru sukan sauka Garwa da bindiga mai baki biyu ƙirar Turai, kuma gyaran irin waɗannan shi ne sana'ata. Ba irin ta harbin zabi da kurciya nake nufi ba, wadda ke watsa ƙananan dalma. Wannan kowane bututu nata yana da murɗaɗɗen tsagi a ciki, harsashi ɗaya tak yake fitarwa. Holland & Holland da Purdey na Landan suna ƙera ta, haka Westley Richards na Birmingham, da Merkel da Krieghoff a Jamus, da Chapuis a Faransa.

Ƙorafin da ya fi zuwa mini shi ne: bakin dama ya bugi nan, na hagu ya bugi can. Sau da yawa bindigar lafiyarta lau, harsashi aka sauya mata.

Ga dalili. Bututun biyu ba a miƙe suke kafaɗa da kafaɗa ba, sun ɗan karkato wa juna. Idan na dama ya tashi, naushin bindigar yakan ja bakin zuwa dama tun harsashi bai fita ba, na hagu kuma ya ja hagu. Maƙeri yakan yi harbi, ya narkar da liƙin da ke tsakaninsu, ya matsa ɗan ƙarfen da ya raba su, ya sake harbi, har sai harsasan biyu sun faɗa wuri guda, galibi a tazarar mita 50 a manyan bindigogi. Wannan wahala ce ta sa kuɗinta ya yi tsada, kuma da harsashi iri ɗaya aka yi ta. Idan mai cin harsashin .470 Nitro Express ce, mai nauyin giram 32 aka saba, 9.3x74R kuwa yawanci giram 18.5. Ka sa mata wanda ya fi sauƙi da gudu, harsasan su gitta juna. Ka sa mai nauyi da nawa, su rabu. A gaban ɓauna mai rauni, wannan rata tana iya cin rai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne aikin masu gyaran da ba su san ta ba. Yawancin waɗannan bututu da kuza da dalma aka liƙe su. Mai walda ya kai wuta kusa, liƙin ya saki. Wani ya tsoma su a tafasasshen ruwan sinadarin baƙanta ƙarfe don su yi ƙyalli, sinadarin ya cinye liƙin ta ciki, ba a gani sai ranar da aka yi harbi.

Wajen gwaji kuma, kada a ɗaure bindigar a kan teburi. A riƙe ta a kafaɗa, a harba dama, a bi da hagu cikin 'yan daƙiƙu, sannan a bar ƙarfen ya huce.

Mai niyyar sayen tsohuwar bindiga irin wannan, da lasisinsa a hannu, ya cire bututun ya duba hatimin gidan gwaji a ƙarƙashinsu, na Landan ne ko Birmingham ko Suhl ko Liège. Wadda aka gwada da baƙin albarushi kaɗai, kada harsashin zamani ya shige ta. Ya kuma nemi mai sayarwa ya rubuta masa sunan harsashin da aka daidaita ta da shi da nauyinsa kafin ya biya kuɗi.