Abin da ya sa yoyon baƙin mai yake dawowa a tsofaffin motocin alfarma

Ni bakanike ne, kuma galibin aikina a kan motocin Jamus yake, musamman Marsandi da BMW waɗanda suka kwana biyu. Ƙorafin da na fi ji daga masu irin waɗannan motoci shi ne: "An gyara min yoyo, ko wata biyu ba a rufa ba ya dawo." Wani ya zagaya gareji-gareji, kowa ya karɓi kuɗinsa, amma har yau duk inda ya ajiye mota sai ta bar masa tabo a ƙasa. Daga ƙarshe sai ya haƙura, ya ajiye galan a but yana ciko, yana cewa ai haka tsohuwar Marsandi take. To, ba haka take ba. Yoyo yana dawowa ne idan an gyara inda mai yake ɗiga, aka bar inda yake fitowa da abin da yake tura shi waje.

Mu fara da shekarun motar. Marsandi E-Class samfurin W211 da ta cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, an ƙera ta ne tsakanin 2002 da 2009. C-Class W203 daga 2000 zuwa 2007, BMW E60 kuma daga 2003 zuwa 2010. Yawancinsu sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su shigo mana ta Kwatano ko Legas. Ƙarfen injinsu yana da ƙarko, amma abin da yake tare mai a tsakanin ƙarfe da ƙarfe roba ce, ita kuwa roba tana da wa'adi. Kullum aka tayar da mota, zafin mai yakan kai awo 90 zuwa 110, sannan ya sauka idan an kashe. Shekara da shekaru ana wannan hawa da sauka, ga zafin bazara da yake wuce awo 40 a nan Arewa, sai robar ta bushe ta ƙandare. Akwai fakin da idan na ciro shi, karyewa yake yi a hannuna. Tun da kuwa rana ɗaya aka sa su duka a masana'anta, idan ɗaya ya gaji, sauran ma suna kan hanya.

Aikin farko shi ne gano tushen yoyon, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mai daga sama yake gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Shi ya sa wanda ya shiga rami ya ga ƙasan inji sharkaf bai ga komai ba tukuna. Abin da nake yi shi ne a wanke inji tas, a kiyaye wuraren waya kada ruwa mai ƙarfi ya shige su, a bar shi ya bushe, a yi 'yar tafiya da motar, sannan a bi da tocila a nemo wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Idan yoyon ƙarami ne, ana barbaɗa farar hoda a inda ake zargi, sai layin man ya fito a jikinta. Akwai kuma ruwan launi da ake zubawa a cikin mai, wanda yake haskawa idan an dalla masa fitila ta musamman. A duba kalar abin da yake ɗiga ma: man giyabos a yawancin waɗannan motoci ja ne, man sitiyari kuma yana da nasa wurin. An sha sauke inji a banza alhali tiyon sitiyari ne yake tsatsafo.

Ga misalin da ya fi ci wa mutane kuɗi. Injin M272, mai silinda shida, wanda ya fara fitowa a 2004 kuma yake cikin E350 da C350 da ML350, yana da wasu ƙananan murafu na roba a bayan kan inji, dab da bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Idan suka tsufa, mai yakan bi bayan inji ya gangaro daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Bakanike ya leƙa ya gani, sai ya ce, "Alhaji, oyil sil na baya ne, sai an sauke giyabos." A sauke, a canza, a biya kuɗi mai yawa, bayan sati ɗaya mai ya dawo, domin murafun da suka jawo abin suna nan yadda suke, alhali canza su bai kai aikin awa ɗaya ba. Oyil sil na baya yana lalacewa, ba a musu, amma kada a yanke masa hukunci sai an tabbatar duk abin da yake samansa a bushe yake.

Kowane inji da wuraren da aka san shi da su. A M112 da M113, wato na E320 da E500 da ML320 da tsofaffin S-Class, fakin murfin saman inji da robobin gidan filta da na sanyaya mai su ne kan gaba. Idan abin sanyaya man ya samu matsala, mai yakan shiga ruwan lagireto ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sai a ce fakin kan inji ne ya ƙone, a buɗe inji ba gaira ba dalili. A BMW mai injin N52, fakin gidan filta ne ya fi haɗari, saboda man yana zuba a kan fambel. Fambel ɗin ya jiƙe ya zame, yana iya naɗewa a bayan fuli, ya keta oyil sil na gaba ya shige cikin inji, gutsattsarinsa su toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta. Fakin da bai taka kara ya karya ba ya zama sanadin sayen sabon inji.

Yanzu ga babban dalilin da ya sa yoyo yake dawowa ko da an canza abin da ya dace. Duk injin da yake aiki, akwai ɗan hayaƙin da yake kuɓuce wa ringi ya sauka cikin inda mai yake. Masu ƙera mota sun yi masa hanyar numfashi: tiyo da wani ɗan akwati mai raba mai da hayaƙi, a mayar da hayaƙin ya ƙone. Idan wannan hanya ta toshe da dasƙararren mai, iska takan taru a ciki ta nemi mafita, kuma duk robar da ta fi rauni ita za ta fara tunkuɗewa. Kamar mai toshe ramin ɓera ne bai kori ɓeran ba: ka toshe nan, ya ɓulla can. Kai ma kana iya gwadawa. Inji yana aiki a tsaye, ka kwance murfin zuba mai a hankali. Ɗan zuƙa kaɗan lafiya ce. Idan hayaƙi yana bugowa waje da ƙarfi, ko dai hanyar ta toshe ko ringi ya gaji. Idan kuma murfin ya manne da ƙyar yake ɗagowa, ko kana jin fito, to robar cikin akwatin ta yage. Ni dai ba na ɗaura sabon fakin sai na duba wannan hanya.

Dalili na biyu shi ne gam. Wasu abokan sana'armu sun ɗauka yawan gam shi ne kyan aiki. Wanda ya matso waje kana ganinsa, amma irinsa ya matso ciki, kuma idan ya bushe ya ɓalle, rariyar famfon mai yake tafiya ya toshe. Inda kamfani ya sa fakin roba, fakin za a sa, sai ɗan ɗigon gam a kusurwoyin da aka tanada. Akwai kuma inda kamfanin da kansa gam ya sa, kamar murfin saman M272 da kaskon ƙasansa. A nan ana buƙatar gam na inji mai jure mai da zafi, a kankare tsohon tas, a goge maiƙo, a ja siririn layi, a ba shi lokaci ya kama kafin a tayar da mota. Mai motar da ya tsaya a kan bakanike yana cewa yau-yau zai kama hanyar Abuja, shi ma yana da hannu a dawowar yoyonsa.

Na uku, ɗaurin noti. Waɗannan injina alminiyam ne da roba mai tauri, kowane noti da awon ɗaurinsa. Murfin filtar Marsandi an rubuta 25 Nm a jikinsa, ƙananan notunan murfin sama kuwa ba su kai rabin haka ba. Idan yaron gareji ya sa ƙarfinsa duka, murfi ya lanƙwashe ko ya tsage, ko zaren noti ya cinye. Garejin da yake taɓa irin waɗannan motoci ya kamata a ga sifana mai awo a cikinsa. Haka wasar notin juye da robobin da suke zuwa cikin kwalin filta, kowane juye sababbi ake sawa.

Na huɗu, kayan gyara. A Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka samu mai kyau, za ka samu jabu, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Ƙarfe na Beljiyam yana da amfani, amma roba ta Beljiyam sa'ar wadda ka cire ce, don haka roba sabuwa ake saya. Ka je da lambar shasi, ka nemi na kamfanonin da aka sani da yin fakin, irin su Elring da Victor Reinz, a wurin ɗan kasuwar da zai karɓi kayansa idan suka ba da matsala. Idan an riga an buɗe wani sashe, a canza duk robobin da suke wurin lokaci ɗaya, tun da kuɗin aiki ya fi kuɗin robar.

Sai maganar man kansa. Shawarar da ta yaɗu ita ce a koma mai kauri, 20W-50, wai zai tsayar da yoyo. Yana iya rage ɗigar, amma waɗannan injina suna da ƙananan hanyoyin mai da na'urorin da suke aiki da matsinsa, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama idan an tayar da mota da safe. Ka duba bayan galan: injinan fetur na Marsandi da na ambata suna son mai ɗauke da lambar 229.5, galibi 5W-40 ko 0W-40, BMW kuma Longlife-01. Ruwan tsayar da yoyo da ake sayarwa a kwalba kumbura roba yake yi na ɗan lokaci, ba ya ɗinke wadda ta tsage. A kula da cikawa fiye da kima, domin shi ma yana jawo yoyo. M272 kusan lita 8 yake ci, N52 kuma 6.5, wasunsu ma ba su da sandar awo, a allon gaban direba ake dubawa, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Saboda ƙurar hunturu da cunkoso da zafi, shawarata a yi juye tsakanin kilomita 5,000 da 7,000. Kuma kada a yarda a cire tamosta. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana tara danshi da dauɗa a cikin mai, su ne suke toshe hanyar numfashin da na yi bayani.

Akwai yoyon da ba ya jira. Idan kana jin ƙaurin mai, to yana zuba a kan salansa mai zafi, gobara tana iya tashi. Idan ya taru a ramin fulogi, kwayil zai mutu, mota ta fara rawa. Idan ka zare soket na na'urorin gaban inji ka ga mai a ciki, yana bin cikin waya ne a hankali har ya isa ƙwaƙwalwar mota. Giyabos mai giya biyar na Marsandi, 722.6, shi ma yana da soket mai irin wannan hali. Gumi kaɗan da ba ya ɗiga kuwa ana iya sa masa ido zuwa juye na gaba.

Tsohuwar motar alfarma ta yi araha a wajen saye, amma kayan gyaranta ba su sauko tare da ita ba. Wanda zai riƙe ta ya ware mata kuɗi duk shekara, ya canza man birki duk shekara biyu, ya daina zuba wa lagireto ruwan rijiya zalla, ya ajiye ɗan littafi yana rubuta abin da aka canza da kilomitar da aka canza shi. Kafin ka amince da kowane gyaran yoyo, ka yi wa bakanikenka tambaya uku: nuna min inda man yake fitowa bayan an wanke, ka duba hanyar numfashin inji, kuma wane kamfani ne ya yi fakin da za ka sa? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, ka ɗauki makullinka ka nemi wani. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu.