Amsoshin Tambayoyinku: Makaranta Ta Ba Ɗana Kwamfuta, Ta Ce Ta Kulle Ta

Tambaya: Ɗana yana aji biyu a ƙaramar sakandare, shekararsa 13. Farkon zangon nan makarantarsu ta raba wa kowane ɗalibi kwamfuta tafi-da-gidanka, aka ɗora mana kuɗinta a kan kuɗin makaranta, aka ce ya riƙa dawowa da ita gida saboda aikin da ake ba su. Da na nuna damuwa sai shugaban makarantar ya ce in kwantar da hankalina, sun kulle ta, ba abin da yaro zai iya buɗewa sai karatu. Ni kuwa ko waya ban yarda ya riƙe ba. Babansa ya ce a mayar musu da abarsu kawai. Don Allah maganar shugaban makarantar abin dogaro ce? Wata uwa, daga Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana yaran, ya shirya. Ki ba Alhaji haƙuri, kada a mayar da ita tukuna. Tun 2015 JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron da ya fara taɓa madannai a ranar jarrabawa an riga an cuce shi. Amma "mun kulle ta" ba maganar da uwa za ta kwanta a kanta ba ce, domin kullewar iri biyu ce, kuma sau da yawa shi kansa shugaban makarantar bai san wadda aka yi masa ba. Wani ɗan kwangila ne ya kawo kwamfutocin, ya ce an gama komai, aka biya shi ya tafi.

Iri na farko, ana sa matatar shafuka a kan intanet ɗin makaranta. Duk na'urar da ta hau layin makarantar, sai matatar ta duba shafin da ake son buɗewa, in yana cikin jerin haramtattu ta toshe. Wannan kamar maigadin ƙofar makaranta yake: yana aikinsa tsakani da Allah, amma ba ya bin yaro gida. Da zarar ɗanki ya jona kwamfutar da datar wayarki ko ta yayansa, ba sauran kulle. Iri na biyu, a cikin kwamfutar kanta aka dasa tsaron, aka ɗaure ta da akawun ɗin makaranta, ta yadda ko ina aka kai ta dokokin suna tare da ita. Haka makarantun Amurka suka fi yi da kwamfutocin Chromebook, inda ma'aikaci guda daga ofis yake iya hana saka sabuwar manhaja a dubban kwamfutoci, ko ya sa su daina shiga intanet da ƙarfe goma na dare.

Ba sai kin je wurin masani ba kafin ki gane wanne aka yi muku. Yau da daddare ki zauna tare da yaron, ki jona kwamfutar da datarki, ki sa shi ya gwada buɗe shafin cacar ƙwallo a gabanki. Sannan ya gwada TikTok. Sannan ya gwada sauke wata manhaja ya saka. In duk sun buɗu salin alin, to kullen yana can makaranta, abin da ya shigo gidanki kwamfuta ce sake. In allon ya nuna an hana, ko ya nemi kalmar sirrin da yaron bai sani ba, an yi aikin da ya fi kyau. Ki yi gwajin yana kallo, kada ki yi a ɓoye. Gara ya san kin san hanyar.

Wannan sakaci ba yau aka fara shi ba, kuma a ƙasarmu ma an ɗanɗana. A 2007 shirin nan na One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya kafa don samar wa yaran ƙasashe matalauta kwamfuta mai arha, ya raba 'yan korayen kwamfutocinsa a wata firamare da ke Abuja. Cikin watan Yuli na shekarar Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa an tarar da hotunan batsa a kwamfutocin wasu daga cikin yaran. Sai a lokacin masu shirin suka ce za su saka matata. Yaran firamare ke nan, a zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya. Amurka kuwa tun 2000 ta yi doka, wadda ake kira CIPA, cewa duk makarantar da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya na kuɗin intanet dole ta tace abin da yara ke gani. Duk da haka, a 2013 da hukumar makarantun birnin Los Angeles ta fara raba iPad a wani shiri na sama da dala biliyan ɗaya, cikin mako guda ɗaruruwan ɗalibai suka gano cewa goge wani abu ɗaya a cikin saitin na'urar yana cire tsaron baki ɗaya. Suka koma Facebook da YouTube abinsu, har sai da aka hana tafiya da na'urorin gida. Yaro ɗaya ne zai gano dabara, kafin a tashi tara ajin duka ya iya. Yau dabarar da ta fi yawa ita ce VPN, manhajar da ke ɓoye wa matata inda ake zuwa. In kin ga waɗannan haruffa uku a kwamfutar ɗanki kuma ba makaranta ce ta saka ba, akwai magana.

Ko matatar da ta fi kowace kyau tana da makanta. An fi gina ta a kan Turanci, don haka rubutaccen labarin batsa da Hausa, irin waɗanda ke yawo a rukunonin WhatsApp, yana iya wucewa ba ta ce uffan ba. Ba ta kuma ganin abin da bai bi ta intanet ba. Mu nan muna da masu tura fina-finai a kowace kasuwa da bakin tasha. Yaro ya kai filash ko memori, ya ba da 'yan canjinsa, a cika masa. Saboda haka cikin tambayoyin da za ki yi wa makaranta har da wannan: an toshe ramukan da ake soka filash, ko a buɗe suke?

Yanzu ga ɓangaren da ba ki tambaya ba, wanda ni ya fi tsaya mini a rai. Duk tsaron da ya isa ya bi yaro gida, ya isa ya leƙa gidan.

A wajen birnin Filadelfiya, jihar Pennsylvania, akwai wata gundumar makarantu ta masu hali da ake kira Lower Merion. Ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kimanin 2,300 kwamfutar MacBook. A cikin kowace akwai manhajar da aka ce an saka don gano kwamfutar da aka sace: in aka kunna ta daga ofis, sai kyamarar ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan minti 15 tana aikawa. Ba a gaya wa iyaye ba, ba a gaya wa yaran ba. Wasu ɗalibai sun lura koren fitilar da ke gefen kyamarar kan yi ƙyaf ta mutu, har wasu suka manne wurin. A ƙarshen 2009 mataimakiyar shugaban ɗaya daga cikin makarantun ta kira wani yaro ɗan shekara 15, ana zarginsa da ta'ammali da ƙwayoyi, hujjar kuwa hoton da aka ɗauke shi a cikin ɗakin kwanansa. Yaron ya ce alewa ce yake sha. Iyayensa suka kai ƙara a Fabrairun 2010. Da aka bincika sai aka tarar da hotuna sama da 56,000, domin sau da yawa in aka kunna manhajar ba a tunawa a kashe. Yaron shi kaɗai an ɗauke shi ɗaruruwan hotuna, wasu yana barci. Masu gabatar da ƙara na tarayya ba su tuhumi kowa ba, sun ce ba su ga niyyar aikata laifi ba, amma a watan Oktoba gundumar ta biya dala 610,000 aka sasanta.

Abin lura a nan, Hajiya, ba a tabbatar akwai wani mugu a labarin ba. Ma'aikata ne da aka damƙa wa iko ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba. Ki kawo wannan cikin gidan Bahaushe, inda ke da 'yan matanki kuke zirga-zirga ba mayafi, ki ga nauyin abin. Kuma shawarar da kowa ke bayarwa, wadda ni ma zan ba ki, cewa a ajiye kwamfuta a falo inda allon ke fuskantar mutane, tana da ƙugiya: kyamarar a saman allon take, duk inda ya kalla nan take kallo. Maganin bai kai kuɗin kati ba. Ki yanki filasta ko baƙin salatif ki manna a kan idon kyamarar, a ɓare shi lokacin darasin bidiyo kaɗai, in an gama aiki a rufe murfin.

A yau makarantun Amurka da yawa sun bar kyamara sun koma karanta abin da yaro ke rubutawa. Kamfanoni irin su GoGuardian da Gaggle da Securly suna sayar musu da manhajojin da ke bin abin da ɗalibi ya bincika ko ya rubuta, in suka ga kalmomin kashe kai ko makami su sanar da malamai. Akwai masu cewa hakan ya ceci rayuka, akwai masu cewa yana jawo wa yara 'yan sanda a kan wasa ko aikin adabi. Ni ban ƙi a sa ido a kan kayan makaranta ba, sharaɗina dai iyaye su sani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta gindaya neman izinin iyaye ko waliyyi a inda ake buƙatar izini kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka tambayarki ba rashin kunya ba ce. Ki nemi makaranta ta ba ki amsa a rubuce: wa ke iya ganin allon yaron daga nesa, ana iya kunna kyamara ko makirufo daga can, sa idon yana tsayawa in an tashi makaranta ko har cikin dare ne, kuma ina bayanan ke zuwa in ya gama ya fita. In aka yi miki hanya-hanya, ki kai maganar taron iyaye da malamai. Abin da aka ƙi gaya wa mutum ɗaya akan gaya wa mutum arba'in. Ki tambayi wanda zai biya in allon ya fashe, tunda kina wurin.

Daga nan dokar gida ta fito da kanta. Kada ke ko Alhaji ku shiga bankinku ko WhatsApp ɗinku a kan kwamfutar. Kada yayye da 'yan uwan da ke zuwa hutu su are ta, domin duk abin da suka buɗe da sunan ɗanki za a rubuta shi, shi za a kira ofis. Da dare cajarta a ɗakinki. Manhajojin kula da yara irin su Family Link na Google suna da amfani a na'urar gida, amma galibi ba su da iko a kan kwamfutar da makaranta ke juyawa, kada ki wahalar da kanki. Abin da ke hannunki shi ne data: ke kike kunnawa, ke kike kashewa.

Haɗarin da ya fi girma ba shafi ba ne, mutum ne, kuma matata ba ta tare shi. Yana zuwa ta akwatin hira a cikin wasannin intanet ko ta Instagram, da hoton yarinya sa'ar ɗanki. A yi ta hira kwana da kwanaki, a turo masa hoto, a ce shi ma ya turo nasa ba kaya. Yana turawa murya ta canza: ka biya kuɗi ko mu aika wa iyayenka da 'yan ajinku. Cikin yara, samari matasa aka fi yi wa wannan tarko, kuma abin kunya ne a faɗa, da yawa daga cikin hannayen da aka kama a kai na gida ne: a Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe akawun kusan 63,000 na Instagram a Najeriya saboda wannan sana'a. A ƙasashen waje an samu yaran da suka hallaka kansu cikin 'yan sa'o'i, don sun ga mutuwa ta fi sauƙi a kan fuskantar iyayensu.

A nan tarbiyyarmu ta kunya da bulala tana iya zama makamin ɗan damfara, domin da tsoron iyayen yake cin abinci. Don haka tun kafin komai ya faru, ki zaunar da yaron ki gaya masa da bakinki, in da hali Alhaji yana wurin, cewa duk abin da ya gani ko ya aikata a kan na'urar nan, in ya zo ya faɗa ba za a dake shi ba, ba za a tona shi gaban ƙannensa ba. Sai ku cika alkawarin ranar da ya zo, ko da ranku ya ɓaci. In har ta faru, kada a biya ko sisi, biyan farko ƙofar na biyu ne. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton allon da sunan akawun ɗin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe mutumin. A sanar da makaranta tunda kayanta ne, a kai rahoto sashen yaƙi da laifukan intanet na rundunar 'yan sanda. Akwai kuma wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, da ke taimakawa a hana hoton wanda bai kai shekara 18 ba yaɗuwa a dandamali irin su Facebook da Instagram, kuma hoton ba ya barin na'urar yaron: wata lambar shaida kawai ake cirewa daga jikinsa a aika musu.